Awa Takwas na Ofelia

Ofelia Zamudio ta tsufa ne a gonakin inabi na kusa da Fresno, ana biyanta da awa. Tun tana budurwa take fita da sassafe, ba ta dawowa sai rana ta faɗi. Da jiha ta kafa dokar ƙarin kuɗi ga ma'aikacin gona da ya wuce awa takwas, har rawa ta taka.

Amma mai gonar ya ƙaro ma'aikata, ya riƙa sallamar kowa da zarar awa takwas ta cika. Albashinta ya ragu, nama ya ƙaura daga tukunyar wakenta.

Mijinta Rigoberto, wanda ciwon baya ya zaunar a gida, ya ce, "To, uwar 'yan doka, ga dokarki ta cinye mana nama."

"Ta cinye," in ji ta. "Amma yaushe rabonka da ganin fuskata da rana?"

Ya daɗe yana kallonta. "Ashe kin yi furfura."

Har yau Ofelia ba ta tantance ko riba ta ci ko hasara ba. Abin da ta sani, gwiwoyinta sun daina kumbura, kuma ta shuka tumatir a bayan gida.