Masu Gadin Mahaifa

Jiya wajen awo likita ta ce da ni, a farkon ciki ƙwayoyin garkuwar jiki kan taru a mahaifa su taimaki ɗan tayi ya kama. Sai na tuna Goggo, ungozomarmu ta Lamorde.

Ranar da na yi ɓarin farko, ta kawo mini kunun gyaɗa mai zafi. Ta shafa marata ta ce, "'Yata, ba laifinki ba ne. Masu gadin ciki ne ba su gane baƙon ba."

Na ture kwanon na ce, "Goggo, bar camfin nan." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Ta rasu ban ba ta haƙuri ba. Allah ya sanyaya makwancinta, ni kuma ya yafe mini.