Zanzaro a Fiffiken Jirgin Feshi

Shekarun baya ne, kuma ba zan rantse a kan komai ba, don wasu wuraren sun fara dusashe mini. Na gama karatun injiniya ina zaune a gida a Kura, sai tsuntsayen nan janbaki suka sauka wa shinkafar rani daidai lokacin da take yin nono. Aka kawo wani tsohon ƙaramin jirgin feshi mai farfela ɗaya, aka ajiye shi a wani fili kusa da kanal, wajen Kadawa. Matuƙinsa dattijo ne, Kyaftin muke ce masa, kuma shi ke gyara abinsa. Ya nemi mai miƙa masa sifana, aka ce ga ni.

Injin yakan tashi lafiya ya yi ta ruri, can sai allurar mai ta fara sauka, ya yi tari ya mutu. Kyaftin ya ce famfon mai ne. Muka kwance, muka wanke, muka mayar, bai canza ba. Muka ɗaura wani da ya zo da shi, haka dai. Ni kuwa kaina nake zargi, ko akwai notin da ban ɗaure ba. Na yi ta komawa ina taɓawa, har Kyaftin ya ce in na ƙara, notin zai kai ƙarata wurin dagaci.

Janbaki ba sa jira. Feshin kuma sai dab da magariba, in sun koma makwancinsu cikin ciyayin bakin ruwa, kuma gonar kawuna ce ta fi kusa da wurin. Kullum da la'asar zai zo a mashin, muryarsa ta dishe saboda korar tsuntsaye. Ran nan ya ce ai ɗan lokacin da injin ke yi kafin ya mutu ya isa a je a dawo. Na ce mai yiwuwa, amma ban da tabbas, kuma a sama babu gefen titi.

"Kyaftin, kada ka biye wa yaron nan," in ji kawu. "Ko kunun jiya ne sai ya hura kafin ya sha."

Kyaftin ya dubi rana, ya ce zai gwada. Na roƙe shi mu ƙara kunna shi a ƙasa, ya yarda da ƙyar. Da injin ya mutu na rasa abin yi da hannuna, sai na hau fiffike in leƙa man da na riga na leƙa da safe. Ina murɗa murfin tankin na ji ya zuƙi iska, fuuu.

Kyaftin ma ya ji. Ya ce, "Tankin ba ya numfashi." In iska ba ta shiga, famfo ba zai iya jawo mai ba, komai lafiyarsa.

Muka duba ɗan bututun iskar da ke ƙarƙashin fiffike, ga shi a toshe da busasshen taɓo. Zanzaro ne ya yi gida, da ƙananan tsutsotsinsa a ciki. A wajenmu ko da rani ba ya rasa laka, ga kanal nan. Muka cire bututun muka wanke, injin ya yi ta ruri bai ƙara tari ba. Jirgin ya tashi kafin a kira salla.

Gefen gonar kawu na bakin ruwa ya riga ya tafi, sauran ya tsira. Har yau in an taru yakan ce tsorona ne ya cinye masa wancan gefen. Ba ya faɗin abin da ya bar masa sauran, ni ma ban taɓa tuna masa ba. Dube-duben nan nawa dai na daina jin kunyar yinsa kamar da. Yanzu ko a masallaci na ga zanzaro ɗauke da laka, sai na bi shi da ido in ga inda zai shiga.

Waɗanda ke filin a ranar, ku gyara mini in na kuskure. Ina jin fiffiken dama ne, amma kawu ya dage na hagu, alhali bai sauka daga mashin ɗinsa ba.