Ƙwaya Biyu a Faranti Ɗaya

Mai Keke ake ce mata a layin teloli, domin ita kaɗai ce har yau take taka tsohon keken ɗinki na ƙafa, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Ba keken kaɗai ta gada ba. Ta gaji Auta, ƙanenta, wanda ya yi shekara biyu yana koyar da lissafi kafin ya fara jin muryoyi suna zaginsa daga cikin bango. Likita ya kira cutar da wani dogon suna, sikizofiriniya. Mutanen layi ba su wahalar da bakinsu ba, mahaukaci kawai suka ce.

Auta ba ya duka, ba ya zagi. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: guba ake son ba shi. Ba ya cin abinci sai yayarsa ta kai lomar farko, ba ya shan ruwa sai ta kurɓa. A kan magani kuwa an sha fama, har ta gano dabara. Ta samo ƙwayar bitamin, fara, ƙarama, ita da maganinsa kamar an tsaga kara. Kullum da safe sai ta ajiye biyu a faranti, ta haɗiye tata, ta buɗe baki ya leƙa, sannan ya sha tasa.

"Mu biyu marasa lafiya," yakan ce.

"Ai nawa ciwon ya fi naka, tunda ni nake zaune da kai."

Shekara goma sha ɗaya suna haka. Masu neman aurenta biyu sun zo, suka ga Auta, kowa ya tuna yana da uzuri. Kawunsu kuwa, tun ranar da Auta ya ɓace kwana uku aka tsinto shi a tashar mota ba takalmi, ya yanke hukunci: in ciwon ya sake tashi, zai kai shi gidan da ake ɗaure irinsu. Ta taɓa leƙa gidan sau ɗaya. Ta ga abin da sarƙa ke yi wa idon sawu.

Wani wata ta je asibiti karɓar magani, sai aka miƙo mata jajayen ƙwayoyi. Mai ba da maganin ya ce duk ɗaya ne, kamfani ne ya sauya. Ta zaga kanti huɗu neman jan bitamin mai wannan girma, ba ta dace ba.

Da safe Auta ya daɗe yana kallon farantin.

"Yaya, naki fari, nawa ja."

"Launi ne kawai, Auta."

"To sha jan."

Ta ƙi, shi ma ya ƙi. A kwana na biyar ya toshe kunnuwansa da auduga, yana mayar wa bango magana. Labari ya kai wa Kawu, ya aiko cewa jibi yana zuwa da mota.

Washegari ta ajiye ja biyu. Ta haɗiye ɗaya, ta buɗe baki. Ya leƙa, ya sha tasa.

Kafin rana ta take, kanta ya zama kamar an ɗura masa yashi. Harshe ya cika mata baki, ƙafa tana taka keke ba da saninta ba.

"Mai Keke, yau gyangyaɗi kike ɗinkawa?" in ji maƙwabciyarta mai surfani.

Ba ta kai ga ba ta amsa ba. Allura ta shiga ta farcen manuninta ta fito ta ƙasa, jini ya ɓata farin yadin mutane. A asibiti, nas ɗin da ta ɗaure yatsan, da ta ji abin da ta sha, sai ta riƙe haɓa.

"Baiwar Allah, so kike mu kwantar da ku biyu? Kada ki ƙara!"

Da yamma ta shigo gida tana jan ƙafa. Auta na zaune bakin gado. Ba yatsan ya kalla ba, fuskarta ya kalla.

"Harshenki ya yi nauyi?"

Ta gyaɗa kai.

"Ƙafafun kamar na aro?"

"Haka."

"Haka yake yi. Kullum haka yake yi mini." Ciwon ya ƙwace masa abubuwa da yawa, amma bai ƙwace lissafi ba. "Ke kuwa shekara goma sha ɗaya kina sha, kina tashi garau ki tafi shago. Yaya, me kike sha?"

Ƙarfin yin ƙarya ya ƙare mata. Ta gaya masa.

Bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu, ta ba shi kwalin maganin, ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa.

Ranar da Kawu ya zo da mota, ya tarar da Auta zaune a kujera, ya yi wanka, ya cire audugar, har ya gaishe shi. Kawu ya yi 'yan dube-dube, ya ce to, a dai kula, ya koma shi kaɗai.

Amma tun daga ranar Auta ba ya shan magani a gabanta, kuma bakinsa bai sake cewa Yaya ba. Ba ta da ikon tambaya, ba ta da ikon leƙawa. Kullum da safe takan tsaya a bayan ƙofarsa, ta riƙe numfashi, tana sauraron ɗan ƙaran ɓalle ƙwaya daga leda. Ran da ta ji, ta ɗauki jakarta ta tafi shago. Ran da ba ta ji ba, ta tafi duk da haka.