Ɗakin da Malam Zakariyya ya share

Duk wanda ya taɓa neman mai buga masa takarda a Gyadi-Gyadi ya san Malam Zakariyya. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, yana maƙale a bayan wani kemis, kuma shekararsa ashirin da shida ke nan yana buga wa ɗaliban jinya da masu neman aiki takardu. Da tafireta ya fara. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: ka yi ta karanto masa, yatsunsa na gudu, hankalinsa kuwa yana can wajen labaran rediyo. Magana daga kunne take zarcewa yatsu, ba ta ya da zango a kansa. Yakan ce shi ya sa mutane ba sa jin kunyar kawo masa sirrinsu.

Yanzu dai sana'ar ta mutu, jana'iza ce kawai ba a yi ba. Kowa a waya yake rubutunsa. 'Yan kaɗan da suka rage a filas suke kawo rubutunsu, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, cike da bairos, har sau biyu suna kwantar masa da kwamfuta. Wata nas mai suna Zahra'u, wadda ta ɗan san kan abin, ita ta ba shi shawara.

"Baba, ka gina wata kwamfutar a cikin taka, kamar ɗaki a tsakar gida, ka sa mata manhajar Linux, wadda irin wannan bairos ba ya kamawa. Duk filas ɗin da aka kawo a can za ka buɗe shi."

Mako guda ya yi yana bin bidiyo a waya, tabarau a kan hanci, tsohuwar kwamfutar tana nishi. Ranar da ɗakin ya buɗe har shayi ya sai wa mai kemis. Ya sa kwamfutar ta adana hoton ɗakin yana sabo fil, kamar yadda aka nuna a bidiyon, don a riƙa mayar da shi haka. Daga nan kullum kafin magariba sai ya danna wani ɗan akwati a fuskar kwamfutar, komai ya koma yadda yake ran farko, bairos da tarkace duk su tafi. Shara yake kiran abin. Ya share shago, ya share ɗaki, ya nufi gidansa a Tarauni.

Ana haka aka kawo Baffa Audu, wan mahaifinsa, daga ƙauyensu na bayan Wudil domin wankin ƙoda, aka sauke shi a wurinsa. A duk dangi shi kaɗai ya rage da ya san asalin gidan. Ranar da babu asibiti a bencin shago yake wuni.

"Zakari, rubuta. In na tafi da shi babu mai dawo muku da shi."

Baffa ya zano kakanni tara, da matansu, da inda suka taso, da shekarar yunwar da ta koro su. Malam Zakariyya ya ƙi takarda, wai gara na ci. Ya ƙi kwamfutarsa ta kullum saboda bairos. A sabon ɗakin ya zuba komai, don a ganinsa nan ne wurin da ya fi tsaro. Mako uku bai yi shara ba, sai dai ya kwantar da ɗakin ya yi barci. Ya so ya fitar da rubutun a takarda, tawadar firinta ta ƙare, ya ce sai gobe.

Wata Alhamis bayan la'asar matarsa ta kira daga asibiti, ta ce Baffa ya cika. Ya miƙe yana salati, idonsa ya rufe da hawaye. Hannun nan da bai taɓa neman shawarar kansa ba shi ya rufe shago, kuma ya rufe shi yadda ya saba, har da sharar ɗaki.

Sai bayan sadakar uku ya dawo, ya yi wa dangi alkawarin kowane gida zai sami kwafin tarihin. Ya buɗe ɗakin ya tarar da shi tas, kamar ranar da aka gina shi. Zahra'u ta zo ta shafe awa biyu tana lalube, daga ƙarshe ta janye hannunta.

"Baba, ka yi haƙuri. Abin da aka sa shi ya yi, shi ya yi."

Baƙin cikin bai tsaya a nan ba. Shafi arba'in da ɗaya ya buga da yatsunsa, amma ko layi ɗaya bai zauna masa a kai ba. Ya tuna tarin Baffa, ya tuna yadda yake buga sanda a ƙasa in ya zo wurin da ya ji daɗi. Sunayen ne babu.

Har yau yana buɗe shagon, ko da mai zuwa ko babu. Ranar Juma'ar da ta wuce 'yarsa Hauwa, wadda ta haihu, ta leƙo da jaririnta a goye.

"Baba, kakan kakanka fa, ya sunansa? Baffa ya ce ka rubuta."

Ya soma lissafi da yatsu: mahaifinsa, kakansa, uban kakansa. A na huɗu ya tsaya. Ya daɗe yana kallon yatsan, Hauwa na jira.