Malam Sanda Mai Gyaran Injin Taliya

Shekara ashirin da shida ke nan, da hantsi ya fito Malam Sanda zai ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur ya bar gidansa da ke Bakori. Yau Ƙarfi, gobe Funtua, jibi wani ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Matan da ke murza taliya a cikin gida sai su miƙo injinansu zaure: wannan haƙoransa sun dakushe yana cukuikuye kwaɓi, wancan hannunsa na juyawa a banza. Ya shimfiɗa buhu, ya warware, ya goge, ya ɗiga man gyaɗa, don ya ce baƙin mai ba ya kusantar abin da za a ci.

Masu cin taliya 'yar murji da manja da yaji, ko da wake, ko da miyar tumatir ranar suna, ba su san shi ba. Masu yin ta kuwa sun san shi sarai.

A tambayi Shafa'atu. Shekara uku da suka wuce 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, mijinta bai tsira ba. Ta iso Funtua da 'ya'ya huɗu da injin taliyarta ƙunshe a zane. A wajen gudu ta faɗi da shi a rafi, haƙoran suka karye. Masu walda biyu suka ce ta sayar wa 'yan gwangwan. Ranar da Malam Sanda ya zo unguwar, ta ajiye shi a gabansa ta ce, "Malam, in ya mutu ka faɗa mini gaskiya, in san yadda zan yi da yaran nan."

Ya juya shi, ya gane tsohon samfuri ne da aka daina kawo kayansa. Ya ce, "Ba ni kwana uku, 'yata."

Irin injin nan guda ɗaya ya sani a duk yankin: na marigayiya matarsa Bilki, wanda a kansa ya koyi gyara, yana ajiye a ɗakinta tun rasuwarta. Da ya ɗauko zai kwance, 'yarsa Sa'adatu ta tare shi da hawaye, ta ce shi kaɗai ya rage musu na Inna. Ya ce, "Da tana raye, da hannunta za ta miƙa."

Yau igiyoyi shida ke cike da shanyar taliya a tsakar gidan Shafa'atu, yaranta duk suna makaranta. Sai bana ta ji daga bakin Sa'adatu inda haƙoran suka fito. Ta zauna ta yi kuka.

Yanzu yanar ido ta fara rufe wa Malam Sanda gani, ya ce daga kakar bana ya ajiye aiki.

Malam, kai ne rufin asirin matan da ba su da mai ɗaukar musu nauyi. Kai ne wanda bai taɓa ce wa mace ta jefar da abin sana'arta ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lafiyar ido, Ya jiƙan Bilki.

Matasanmu masu raina ƙaramar sana'a kuwa, Malam yana zaure kullum, hannunsa bai manta komai ba. Ku je ku zauna kusa da shi tun yana nan.