Rayuwar Sista Murfi, Mai Zaman Iyaye Mata na Ranar Laraba

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiyar da jama'a suka sani da laƙabin Sista Murfi a shekarar 1952, a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo. Mahaifinta mai ɗaga tuta ne a tashar jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa tela ce da ke ɗinki a cikin gida. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma ita kaɗai ce macen da ta rayu.

Karatu

Ta shiga firamare a 1959, ta wuce makarantar 'yan mata ta kwana, sannan ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a 1969, inda ta kammala bayan shekara uku. Shaidar da malamanta suka rubuta a kanta ita ce tana da tsabta da natsuwa, amma ba ta iya tausasa magana ba.

Aiki da Aure

A 1973 aka tura ta asibitin mata da yara na birni, aka ba ta ɗakin awon jarirai. Shekara guda bayan haka ta auri wani kafinta, suka kama ɗaki biyu a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda aka girke duron ruwa a ƙarƙashin indararo domin amfanin kowa. Allah Ya azurta su da 'ya'ya huɗu.

Ɗansu na biyu, wanda ake kira Ɗan Baba, an haife shi a 1977 bayan doguwar naƙuda, kuma bai yi kuka nan take ba. Bai taka ba sai da ya shekara uku, ya kuma kai shida kalmominsa ba su wuce ashirin ba. Maƙwabta suka ce shafar aljanu ce, likita kuwa ya tabbatar da cewa raunin fahimta ne da ya samo asali tun ranar haihuwa. Yaro ne mai matuƙar son ruwa. A wata safiya ta watan Afrilun 1985, mahaifiyarsa na wurin aiki, kakarsa na shanya a bayan ɗaki, ya taka benci ya leƙa duron, kansa ya rinjaye shi. Duron ya fi shekara babu murfi, duk da cewa mahaifin yaron kafinta ne, ana ta cewa za a yi. Asibitin da take aiki aka kai shi, kuma ita ce ta karɓe shi a bakin ƙofa, rai ya riga ya yi halinsa.

Zaman Laraba

A 1986 ta roƙi babban likita ya ba ta wani ɗakin ajiya da ke bayan ɗakin magani, ta share shi, ta jera benci huɗu, ta fara tara iyayen yara masu irin larurar ɗanta. Mata uku ne suka halarci zaman farko, ɗaya ma ta tashi da ta fahimci ba magani za a raba ba. Abin da ta fara faɗa musu shi ne: "'Ya'yanku ba mahaukata ba ne. Hannunsu ne ya kai inda wayonsu bai kai ba, ku ne za ku cike tsakanin."

Ta hana zuba kananzir a kwalbar lemo, ta wajabta akwati mai kwaɗo domin magunguna da ashana, ta kuma koyar da cewa gargaɗi kalma ɗaya ce tak, kamar "Zafi!", wadda kowa a gidan zai riƙa maimaitawa ba tare da sauyi ba. Bayan ta tashi aiki takan bi gidajensu da sanda, ta auna iyakar inda hannun yaro ke kaiwa, duk abin da ke ƙasa da nan sai an ɗauke shi a gabanta. Mijinta, wanda bai ƙara ambaton Ɗan Baba a bainar jama'a ba, ya riƙa sassaƙa murafen katako yana ba ta tana rabawa. Daga nan laƙabinta ya samo asali, domin matan sukan yi mata tsiya cewa tana tambayar lafiyar duro kafin ta tambayi ta maigida.

Gobarar 1994

Daga cikin shawarwarinta a wancan zamani akwai cewa idan fita ta zama wa uwa dole, kuma babu mai tsaro, to ta kwashe duk abin cutarwa daga ɗaki ta kulle yaron a ciki. Wata mai sayar da kayan miya da mijinta ya rasu, mai 'ya'ya biyu dukkansu da wannan larura, ta bi shawarar a watan Yunin 1994: ta tafi kasuwa da ƙaramar, ta sa wa babban, ɗan shekara goma sha ɗaya, sakata ta waje. Da hantsi wayar lantarki ta kama a ɗakin maƙwabci, waɗanda suka zo kashe wutar kuma ba su san da mutum a ciki ba.

A wurin ta'aziyya, a gaban mata, uwar ta ce mata: "Sista, yadda kika ce haka na yi. Na ɗauke ashana, na ɗauke wuƙa, na sa sakata." Kwamitin asibiti ya bincika ya wanke Sista Murfi, ita kuwa ba ta wanke kanta ba, ta rufe zaman har tsawon wata goma sha huɗu.

Ranar da ta sake buɗewa, a 1995, ta tsaya ta ce: "Na koya muku kuskure, yaro ya mutu a kansa. Kada wadda ta ƙara kulle ɗa shi kaɗai." Ta haɗa iyayen biyar-biyar gwargwadon kusancin gidajensu, suna karɓa-karɓar tsaron 'ya'yan juna. Wasu sun daina zuwa har abada, wasu kuma sun ci gaba da kullewa a ɓoye saboda ba su da wata mafita. Mai kayan miyar ba ta sake yi mata magana ba har ta rasu a 1998, ta bar 'yarta mai shekara tara da ake kira Mai Dariya. Dangi suka yi ta tura wa juna ita, daga ƙarshe Sista Murfi ta je ta ɗauko ta da ƙullin kayanta.

Shekarun Ƙarshe

Ta yi ritaya a 2007, mijinta ya rasu a 2010, sannan a 2012 asibiti ya karɓe ɗakin ya mai da shi ma'ajiyar takardu, sai zaman ya koma barandar gidanta. Ciwon sukari ya tafi da ganinta a 2016, amma ta ci gaba da ziyarar gidaje ana yi mata jagora, tana laluba kantoci da bakin rijiyoyi da hannu.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa da safiyar Juma'a, 12 ga Nuwamba, 2021, tana da shekara sittin da tara. An sallace ta bayan azahar, aka kuma binne ta a maƙabartar da mijinta yake. Ta bar 'ya'ya uku: babbar, malamar makaranta, na uku, direban babbar mota, da auta, mai harhaɗa magunguna, sai jikoki goma sha ɗaya, da kuma 'yar riƙonta Mai Dariya, mai shekara talatin da biyu. Har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi 'ya'yan ba su cimma matsaya kan wanda zai riƙe ta ba. Tana nan a gidan marigayiyar, maƙwabta biyu na duba ta, an kuma yi mata bayanin rasuwar sau da dama, amma kullum da safe takan tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce: "Inna, tashi."