Ƙarfen da Aka Yanka Daga Gadonmu

Maigidana ya rasu da bazara, a gidan da muke haya a Mabera. Malamin makaranta ne, ni kuma ina ɗinki. Tun yana kwance ya sa na yi masa alkawari ba za a binne shi a Sakkwato ba, sai a ƙauyenmu, can bayan Jos, kusa da mahaifiyarsa.

Motarsa ce za ta kai shi. Wata doguwar aba ce da ya saya lokacin da kuɗin mai ya shigo, har malamai suka fara hawa mota. Na yi masa faɗa a kanta, don duk garin ban ga mai irinta ba, amma mutumin nan in ya kafe, ya kafe. Da safe ƙanensa ya tayar da ita, sai muka ji ƙara a gaba. Bakanike ya leƙa ya ce ƙarfen da ke riƙe dainamo a jikin inji ne ya karye, fanbel ya saki, in aka kama hanya haka inji zai ƙone. Aka zaga masu kayan gyara, babu.

Ƙanen nasa ya ce, "Matar yaya, zafin nan ba zai jira mu ba. A binne shi nan kawai."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai ka yi masa alkawari, ko ni?"

Aka ja motar zuwa Tudun Wada, wajen wani dattijo mai walda. Ya yi mini gaisuwar rashi, sannan ya danna kwali a jikin injin, maiƙo ya fitar da ramukan noti, ya yanke siffar da almakashi. Ya tona tarin ƙarafansa ya daɗe, ya ɗago.

"Malama, wanga aiki sai ƙarhe mai kauri. Masu gini sun kwashe duka. Abin da ya rage kwanon rufi na, ba ya ɗaukar girgiza."

Ban san lokacin da na ce ina da gadon ƙarfe ba. Shi muka fara saya da muka yi aure, a kansa kuma ya cika. Dattijon ya kalle ni. Aka ɗauko gadon a kura.

Ina tsaye ya sa zarto a ƙafar gadon guda ɗaya. Wallahi har cikin haƙorana na ji. Ya ɗora kwalin ya zana, ya gasa ƙarfen har ya yi ja, ya lanƙwasa, ya huda, ya gwada, bai zauna ba. Ya sake gogawa. Ni kuwa hankalina na kan ƙanƙarar da muka jera wa gawar, tana narkewa a gida. Da ya ɗaure notin ƙarshe ya ce a tayar, injin ya kama lafiya lau.

Sojoji sun tsayar da mu a hanya, da suka ga akwatin gawa suka ɗaga mana hannu. Ƙarfen bai motsa ba har muka isa. Aka sa maigidana kusa da mahaifiyarsa.

Motar na bar wa ƙanensa. Gadon na sa aka mayar ɗaki, na tokare wajen da bulo. Yaranmu sun sha cewa a kai a gyara, na hana. Ɓangaren da maigidana ke kwanciya ne aka yanke, kuma babu mai kwanciya a wajen.